Ɗalibina yana cinye kowa a gudun mita 400: ina hanyar zuwa gasar matasa ta duniya?

Tambaya: Wani malamin wasanni a makarantar sakandare ya rubuto cewa yana da ɗalibi ɗan shekara 17 wanda babu mai kama ƙafarsa a gudun mita 400 a duk jiharsu. Ya ji labarin gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, yana so ya san yadda take, yadda ake shigarta, da kuma ko yaron da ya ci lambar zinare a can ya gama zama zakaran duniya ke nan.

Amsa: Malam, Allah ya saka maka da alheri da ka damu da yaron nan har ka tambaya. Zan fara da ƙarshen tambayarka, don nan ne nauyin yake. Cin zinare a gasar matasa ba ya ba kowa tabbacin komai a gasar manya. Mun saba cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma a abubuwa da yawa haka ne, amma a harkar gudu na ga wannan magana ta ruɗi iyaye da masu horarwa. Abin da ya raba waɗanda suka kai da waɗanda suka ɓace shi ne yadda aka bi da su daga shekara 17 zuwa 23. Ka riƙe wannan, sauran bayanin duk a kansa zai hau.

Ita gasar an fara ta a shekarar 1986 a birnin Athens na ƙasar Girka, kuma duk bayan shekara biyu ake yin ta. Hukumar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya ce ke shirya ta, wadda a da ake kira IAAF, daga 2019 ta koma World Athletics. Ta zagaya duniya: Seoul a 1992, Sydney a 1996, Kingston ta Jamaika a 2002, Beijing a 2006, Tampere ta Finlan a 2018. Afirka ta karɓi baƙuncinta a filin Kasarani na Nairobi a 2021, bayan annobar korona ta sa an ɗaga ta daga 2020. Daga nan sai Cali ta Kolombiya a 2022, sai Lima ta Peru a 2024, aka kuma ba birnin Eugene na Amurka ta 2026.

Dokar shekaru ita ce abin da za ka fara fahimta. Ba ranar gasar ake dubawa ba. Ana duba shekarun da yaro zai cika ya zuwa 31 ga Disamba na shekarar gasar, kuma dole ya kasance 16, 17, 18 ko 19. A gasar 2026, misali, waɗanda aka haifa daga 2007 zuwa 2010 ke nan. Wannan doka tana da wani ɓoyayyen rashin daidaito da mutane ba su cika lura da shi ba. Tunda gasar ba kowace shekara ba ce, wani yaro za ta same shi yana 19, a cikakken ƙarfinsa na ƙuruciya, wani kuma damarsa ta ƙarshe za ta zo masa yana 18. Haka wanda aka haifa a Janairu ya girmi na Disamba da kusan shekara guda, alhali ajinsu ɗaya. A wannan tsakanin shekara guda ba wasa ba ce, ƙashi da tsoka ne. Saboda haka idan ka ga sakamako, ka riƙa duba ranar haihuwar wanda ya zo na biyar ko na shida, sau da yawa shi ne abin kallo.

Yaro ba ya kai kansa. Hukumar ƙasarsa ce ke shigar da sunansa, a Najeriya AFN ke nan, a Nijar kuma hukumar da ke Yamai. Kowace ƙasa mutum biyu kawai za ta sa a kowane fanni, ko da goma ne suka cancanta. Kafin a kai ga zaɓe ma sai yaro ya cika lokacin da hukumar duniya ta gindaya, cikin wa'adin da ta ɗiba, a gasar da ta amince da ita. A mita 400 na maza, lokacin shiga a 'yan shekarun nan yana ƙasa kaɗan da sakan 48. Wannan na shiga ne kawai. Masu cin zinare sakan 45 da ɗoriya suke yi, kuma a Nairobi Anthony Pesela na Botswana ya yi 44.58.

A nan ne nake so mu tsaya, Malam, don nan yawancin malamai suke yaudarar kansu ba da gangan ba. Wane lokaci yaronka yake yi, kuma wa ya auna? Idan agogon hannu ne a filin ƙasa da aka zana da toka ko farar ƙasa, wannan lokacin bai da amfani a wajen hukuma, kuma kai ma kada ka gina masa buri a kai. Mai riƙe da agogo yakan makara wajen dannawa idan an harba bindiga, ya kuma yi gaggawar tsayarwa idan ya ga yaro ya doso layi, shi ya sa lokacin hannu kullum ya fi na na'ura daɗin ji. A lissafin da aka saba, ana ƙara sakan 0.24 a kan lokacin hannu a mita 100 da 200, ana ƙara 0.14 a mita 400, wannan ma idan mai awon ƙwararre ne. Ga kuma filin kansa: zagayen da aka auna da taku ko da igiya yana iya gaza mita 400 da mita goma ko fiye, ba wanda ya sani. A gajeren gudu da dogon tsalle akwai ma'aunin iska, idan iskar da ke tura mai gudu daga baya ta wuce mita 2 a sakan ɗaya ba a karɓar sakamakon wajen neman gurbin shiga gasa ko kafa tarihi. Aikinka na farko shi ne ka kai yaron inda akwai filin tsere mai shimfiɗar roba da na'urar awo ta lantarki, ya yi gudu da waɗanda suka fi shi. Gasannin da AFN ke shiryawa, da gwajin zaɓen 'yan ƙasa da 18 da 20, su ne ƙofofin. Bayansu akwai gasar Afirka ta 'yan ƙasa da 18 da 20, wadda aka yi a Abidjan a 2019, a Ndola ta Zambiya a 2023, a Abeokuta a 2025. Yaron da bai taɓa ganin bayan wani a tsere ba bai san gudunsa ba tukuna. Yana iya zuwa ya tarar 51 yake yi, ba 48 ba. In haka ta faru kada ka karaya, ɗan shekara 17 da ke yin 51 ba tare da horo na gaske ba yana da abin ginawa.

Kada kuma ka ɗauka nisa ne ya hana. Samuel Ogazi daga Kaduna ya fito, ya bi ta gasannin matasa, ya samu gurbin karatu a jami'ar Alabama, kuma yana ɗan shekara 18 ya kai zagayen ƙarshe na mita 400 a gasar Olamfik ta Paris a 2024. Rabon da namiji ɗan Najeriya ya kai wannan mataki tun Innocent Egbunike a 1988.

Sai maganar shekaru ta gaskiya, wadda ba na son in yi mata kwana-kwana. Ka nemi takardar haihuwar yaron ta asali, ka tabbata abin da ke cikinta shi ne a takardun makaranta, shi ne a katin shaidar ɗan ƙasa, shi ne zai shiga fasfo. Idan a gida aka haife shi ba a yi rajista ba, a zauna da iyayensa a gano shekarar gaskiya, a rubuta ta sau ɗaya, kada a sake taɓawa. Za a samu masu ba ka shawara a rage masa biyu ko uku don ya daɗe a cikin yara. Ka ƙi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a wannan harka an gani. Luguelín Santos na Jamhuriyar Dominika ya ci zinaren mita 400 a gasar 2012 a Barcelona. Bayan fiye da shekara goma aka tabbatar da cewa a 1992 aka haife shi, ba 1993 da ke fasfon da ya yi gasar da shi ba. Aka karɓe lambar, aka dakatar da shi shekara uku a 2023. Mutumin nan gwani ne na gaske, ya ci azurfa a Olamfik ta Landan a wannan shekarar ta 2012, bai da bukatar ƙaryar ko kaɗan.

Amma abin da ya fi damuna game da rage shekaru ba kamun ba ne. Ɗan shekara 22 da aka rubuta masa 18 yana cinye yara ne da ƙarfin girma, ba da gwaninta ba. Kowa yana lissafin cewa saura masa shekara biyar na ƙaruwa, alhali ya kusa kai iyakarsa. Idan ya shiga cikin manya lokacinsa ya tsaya cik, sai a ce ya lalace ko an yi masa asiri, shi kansa ya rasa abin da ke damunsa. A gefe guda kuma ga yaron gaskiya ɗan 17 da aka tare wa gurbi, ya koma gida yana ganin shi ba kowa ba ne, ya bar gudu. An cuci mutum biyu a lokaci guda, an kuma cuci ƙasa.

To, me tarihin gasar ya nuna game da masu cin zinare? Akwai waɗanda suka tabbata. Haile Gebrselassie na Habasha ya cinye mita 5,000 da 10,000 a Seoul a 1992. David Rudisha na Kenya ya ci mita 800 a Beijing a 2006, bayan shekara shida ya kafa tarihin duniya a Landan. Faith Kipyegon ta ci mita 1,500 a 2012. Neeraj Chopra na Indiya ya jefa mashi mita 86.48 a 2016, ya zo ya ci zinaren Olamfik a Tokyo. Letsile Tebogo na Botswana ya ci mita 100 a Nairobi, ya sake ci a Cali da sakan 9.91, sannan a Paris a 2024 ya ɗauki zinaren mita 200. Daga Sudan akwai Abubaker Kaki, zakaran mita 800 a 2008, wanda ya ci azurfa a gasar manya ta duniya a 2011. A Najeriya 'yan matan da suka ci azurfar gudun miƙa sanda na mita 400 sau huɗu a Olamfik ta Atlanta a 1996 duk 'ya'yan wannan gasa ne: Falilat Ogunkoya ta ci mita 200 a 1986, Fatima Yusuf ta ci mita 400 a 1990, Charity Opara na biye da ita, Bisi Afolabi ta ci a 1994. Ka lura da tazarar. Ogunkoya shekara goma cif ta yi tsakanin zinaren ƙuruciya da lambar Olamfik.

Sunan da kowa zai kawo maka shi ne Usain Bolt, wanda ya ci mita 200 a Kingston a 2002 yana ɗan shekara 15, da sakan 20.61, a gaban mutanen ƙasarsa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya biyo baya. A Olamfik ta 2004 a zagayen farko aka fitar da shi, yana fama da rauni. A gasar duniya ta 2005 shi ne na ƙarshe a tseren ƙarshe, rauni ya sake kama shi. A hannun koci Glen Mills aka zauna aka gyara masa ƙarfin baya da cinya, aka yi haƙuri da shi, sannan a 2008 ya zama Bolt ɗin da duniya ta sani. Shekara shida. Da a wurin da ba a haƙuri da yaro yake, da tun 2005 an rufe babinsa. A wannan gasar ta Kingston wanda ya ci mita 100 shi ne Darrel Brown na Tirinidad, wanda a shekara mai biyowa ya yi sakan 10.01, ya ci azurfa a gasar manya ta duniya yana 18. A lokacin mutane da yawa shi suke wa kallon sarkin gobe. Bayan haka sakan 9.99 ne iyakar abin da ya taɓa yi.

Yanzu dubi ɗaya ɓangaren, waɗanda aka cinye suna yara. Hicham El Guerrouj na Maroko tagulla ya samu a bayan Gebrselassie a 1992. Wayde van Niekerk na Afirka ta Kudu na huɗu ya zo a mita 200 a 2010, bayan shekara shida ya yi mita 400 a sakan 43.03 a Rio, tarihin duniya. Jakob Ingebrigtsen na Norway bai samu zinare a Tampere ba, azurfa da tagulla ya tashi da su, bayan shekara uku ya zama zakaran Olamfik. Tobi Amusan ta biyar ta zo a gudun tsallake shinge a 2016, a 2022 ta kafa tarihin duniya da sakan 12.12. Waɗannan ba su koma gida da abin da za a yi musu biki a filin jirgi ba, amma sun koma da lafiyarsu, da yunwar ƙaruwa, da masu horarwar da ba su yi gaggawa ba.

Dalilan da ke sa zakaran yara ya ɓace sanannu ne. Wani ya riga sa'o'insa balaga ne kawai, da suka kamo shi sai fifikon ya tafi. Wani an ɗora masa horon manya tun ƙashinsa bai gama ƙwari ba, ya ba da sakamako da wuri, ya biya da jijiyar cinya ko ta dunduniya. A wasu fannonin ma kayan aikin ne ke canzawa: dalmar da samari ke jifa kilo 6 ce, ta manya 7.26, faifansu kilo 1.75, na manya 2. Shingensu a mita 110 tsayinsa santimita 99, na manya kusan 107. Wanda ya gwanance da ƙaramin sai ya sake koyo. A mita 400 ba abin da ke canzawa sai mutanen da ke gefenka, amma wannan ma ya isa, don yaron da ya saba zuwa na ɗaya zai yi shekara biyu ko uku yana zuwa na shida, kuma ba kowace zuciya ke ɗaukar haka ba. Ga 'yan mata abin ya fi tsanani. Jikin budurwa yana sauyawa, gudunta yakan tsaya na ɗan lokaci, sai jahilin koci ya ce ta rage cin abinci. Mary Cain ta Amurka, wadda ta ci mita 3,000 a 2014, ta fito a 2019 ta bayyana yadda matsin rage nauyi ya sa al'adarta ta ɗauke na shekara uku, ƙasusuwanta biyar suka karye. Idan kana da ɗalibai mata a ƙungiyarka, wannan labari naka ne. Hukumar duniya da kanta ta daina shirya gasar 'yan ƙasa da 18 bayan ta Nairobi a 2017, don ta ga ba ita ce hanyar da ta fi dacewa da yara masu wannan shekaru ba.

Akwai kuma ɓacewar da ba ta jiki ba. Francis Obikwelu ya ci wa Najeriya mita 100 da 200 a Sydney a 1996, amma azurfar da ya ci a Olamfik ta 2004 a rigar Fotugal ya ci ta. Wannan darasi ne ga hukumomi, ba ga kai ba, sai dai yana nuna maka cewa bayan an gama tafi da hotuna, yaro yana bukatar wanda zai biya kuɗin asibiti idan ya ji rauni.

Game da Nairobi 2021, da ake yawan tunawa a Najeriya, ya kamata a faɗi abin yadda yake. Najeriya ta zo ta uku a bayan Kenya da Finlan, da zinare huɗu da tagulla uku. Imaobong Nse Uko ta ci mita 400, Udodi Onwuzurike ya ci mita 200 a gaban Tebogo, aka ci gudun miƙa sanda na mata da na haɗin maza da mata. Abin alfahari ne, kuma yaran sun cancanci yabo. Amma Amurka da Birtaniya da Jamus da Ostireliya ba su je ba saboda korona. Shi ya sa nake cewa koci ya riƙa karanta lokaci kafin ya karanta launin lamba.

Abin da zan so ka yi da yaronka a shekara biyu masu zuwa ba mai tsada ba ne. Kada ka mai da shi ɗan mita 400 zalla tun yanzu. Ya riƙa gudun 100 da 200 don gina sauri, don saurin da ba a gina a ƙuruciya ba yana da wuyar samu daga baya, juriya kuwa ana iya ƙara ta a kowane lokaci. Horo mai tsanani, irin wanda yaro ke zubewa yana haki, kada ya wuce sau biyu a mako, kuma kada a jera su. Ya samu cikakken hutu kwana ɗaya aƙalla. Ƙarfin ciki da baya da ƙugu a gina shi da nauyin jikinsa da tsalle-tsalle kafin a kai ga ƙarfe mai nauyi. Yawancin aikin a yi shi a kan ciyawa ko ƙasa mai laushi, kada a yi a kwalta, takalmi mai ƙusa kuma a bar shi sai ranar gudun sauri. A lokacin zafi a fita bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, da ruwa a gefe. Da azumi a rage nauyin horo, a mai da mai wuyar bayan buɗa baki. Abinci kuwa wanda ke gida ya isa idan ya ƙoshi: wake, gyaɗa, ƙwai, nono, zogale, kifi ko nama gwargwadon hali. Barci ya fi duk wani garin ƙarin ƙarfi da za a tallata maka a kasuwa.

Wannan ya kawo ni ga magani. A gasar matasa ma ana gwajin fitsari da jini, kuma dokar ita ce duk abin da aka samu a jikin ɗan wasa shi ke da alhakinsa, ko ya sani ko bai sani ba. Tiramadol, da yaranmu ke ɗauka kamar ba komai ba, ta shiga jerin haramtattun ƙwayoyi a lokacin gasa tun farkon 2024. Allurar da ba likita ya rubuta ba, da haɗin da ba a san abin da ke ciki ba, ko na kanti ko na gargajiya, ka hana shi tun yau. Divine Oduduru, wanda ya ci azurfar mita 200 a gasar matasa ta 2014, dakatarwar shekara shida aka yi masa a 2023 saboda karya dokar ƙwayoyin ƙara kuzari.

Kada gudu ya ci karatunsa. Amusan ta jami'ar Texas da ke El Paso ta bi, Favour Ofili ta jami'ar jihar Louisiana, Uko ta Baylor, kuma babu jami'ar da za ta ɗauki yaro da ƙafa kaɗai ba tare da sakamakon kammala sakandare mai kyau ba. Ko a gida, ƙungiyoyin sojoji da 'yan sanda da kwastan da sauran masu kayan sarki da ke ɗaukar 'yan wasa takarda suke fara tambaya. Ka je ka zauna da mahaifinsa, ka faɗa masa gaskiya cewa wannan tafiya ce ta shekaru, ba kuɗi a farkonta, kuma kana neman yardarsa da addu'arsa. Ka buɗe littafi ka riƙa rubuta kowane gudu da kwanan wata, da filin, da irin agogon da aka auna da shi, da duk inda ya ce yana masa ciwo. Sannan ka tuntuɓi ƙungiyar guje-guje ta jiharku ka nemi jadawalin gasannin bana, ka zaɓi mafi kusa da ke da na'urar awo, ka kai shi. Idan lokacin ya fito, ka rubuto mana shi tare da ranar haihuwarsa, sai mu duba ko mita 400 ne gidansa ko 200 ko ma 800.